Wayar Malam Fu'ad Ta Tafi da Shaidarsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka ƙi kawo hawaye duk ƙoƙarin da aka yi, iyalan Malam Fu'ad Maitama na Gwarinpa, Abuja, ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayarsa, baƙar BlackBerry mai madannai, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Talatar da ta wuce bayan doguwar jinya. Ta tafi da abu ɗaya tak da Malam Fu'ad ya taɓa ƙerawa da hannunsa, wato manhajar nan mai suna Oga Na Nan. Duk faɗin duniya a cikinta kaɗai manhajar ta rage.

Marigayiya ta shigo gidan a shekarar 2013, lokacin da Malam Fu'ad da abokinsa Silas suka zauna shawarar irin wayar da za su gina wa manhajarsu. Aikin manhajar bai da wuya: ta gaya wa ɗan kwangila ko oga yana ofis, kafin ya ƙona mai tun daga Kurudu ya je ya tarar da kwat rataye a kujera. Silas ya ce Android, don ita ce a hannun masinjoji da direbobi, su ne kuma za su riƙa danna ya shigo ko ya fita. Malam Fu'ad ya yi murmushin masu digiri biyu. Ya ce shi bai je karatu waje don ya dawo ya yi wa masinja aiki ba, a dubi hannun manya a ga abin da suke riƙewa. Aka duba, aka ga BlackBerry. Abin da bai tsaya ya tambayi kansa ba shi ne, wane darakta ne a Abuja zai ɗauki wayarsa da hannunsa ya sanar wa duniya bai zo aiki ba?

Silas ya kama gabansa, ya gina manhajar odar kifi daga kasuwar Kado a kan Android. Yau ofishinsa bene ne, kuma ba a ambaton sunansa a gidan sai an leƙa an ga maigida ba ya kusa.

An shaidi marigayiya da tsayawa kan magana ɗaya. Tun ranar da aka ƙaddamar da manhajar take cewa oga na nan, ba ta taɓa canjawa ba, don babu wanda ya taɓa danna wani abu. An shaide ta da haƙuri. Manyan da aka zaɓe ta dominsu suka yar da ita suka koma iPhone, ba ta ce uffan ba. Kamfanin da ya haife ta ya janye hannu, ta ci gaba da hidima a matsayin agogo da tocila. Da kwamfutar da ke ɗauke da asalin aikin ta sha ruwan damina ta riga ta tafiya, sai aka gano Malam Fu'ad bai ajiye kwafi ba, domin a cewarsa injiniyan gaske a ka yake ajiya. Daga ranar marigayiya ta zama shaidarsa. Ya zaro ta a wurin suna, ya zaro ta a ɗaurin aure, ya zaro ta har a zaman makokin wasu. Iyali ba za su manta ƙas-ƙas ɗin madannanta ba, da ɗan ting ɗin da take yi ita kaɗai, ba tare da kowa ya aiko da komai ba.

Ciwon ajali ya soma da kumburin batir, har sai da aka ɗaure mata baya da roba. Aka kai ta Banex, kasuwar wayoyi. Mai gyara ya juya ta sama da ƙasa cikin ladabi, sannan ya kira maƙwabtansa su zo su ga tarihi.

Ranar Talata wata hukuma ta kira Malam Fu'ad intabiyu, tana neman mai gina manhaja, aka ce kowa ya zo da abin da ya taɓa yi. Ya zauna a ɗakin jira tun hantsi, marigayiya na tabbatar masa oga na nan, har aka yi la'asar oga ya iso daga gida. Malam Fu'ad ya miƙe a gabansa, ya gyara hula, ya danna manhajar. Fuskarta ta yi fari, ta ce zzz sau ɗaya, ta yi shiru. Darakta ya tambaye shi to yanzu a wacce yake aiki, Android ko iPhone. Ya ce yana kan nazari. Aka yi masa godiya, aka ce za a neme shi.

Ya daɗe cikin mota a ƙofar gida bai fito ba. Matarsa Muhibba, wadda ta yi shekaru tana fatan ganin wannan rana, ta ce wallahi da ta leƙo ta gan shi sai da ya ba ta tausayi.

Marigayiya ta bar caja guda mai ɗaurin salatif, da jakar fata, da maigida. Ta kuma bar 'yarsa Nazeefa, wadda aka haifa bayan an daina yayinta, wadda kuma a daren rasuwar ta tambayi uwarta, da muryar da ta isa falo, wai da gaske Baba ne ya yi abin nan ko da shi aka sayo wayar.

Za a yi mata sutura ranar Asabar bayan la'asar, a durowar ƙarƙashin talabijin, kusa da rimot-rimot ɗin da suka riga ta. Baban bola ya nemi gawar, an ba shi haƙuri. Ana roƙon masu ta'aziyya su bar wayoyinsu a aljihu, su kuma bar shawara a gida.

Malam Fu'ad da kansa yana roƙon alfarma ɗaya. Duk wanda ya taɓa sauke manhajar a wayarsa, ko sau ɗaya ne, ko bisa kuskure ne, ya dubi Allah ya zo ya faɗa da bakinsa a gaban yarinyar. An tanadi kujeru biyu domin haka. Idan sun yi yawa za a mayar da ɗaya ɗaki.