Dodon da Na Zana a Kasuwar Azare

Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai aka ce kowa ya zana mutanen tatsuniya. Ni gwani, na ce nawa sai da fuskokin gaske. Ranar kasuwar Azare na raɓe wajen masu shanu, na hango wani dattijo mai ƙaton hanci yana cinikin bijimi. Na zana shi tsaf, na ƙara masa ƙaho, na rubuta "Dodo" a ƙasa.

Bayan wata biyu na tafi Gamawa gaida baffan Hadiza, yarinyar da nake nema, don aurenta a hannunsa yake. Na riƙo littafin zanen domin a san ba ƙaramin mutum ne ya zo ba. Kaina a sunkuye saboda kunya, na miƙa masa ban ko dubi fuskarsa ba.

Ya yi ta buɗawa yana cewa madalla, can sai ya tsaya cak a kan wani shafi. Na saci kallo, sai ga hancin nan a gabana. Nan take na fara tunanin inda na tuɓe takalmina.

"Malam, wannan ni ne?"

"Baffa, ai kama ce kawai."

Ya fashe da dariya har rawaninsa ya goce. "Hancin dai nawa ne. Ƙahon kuwa na bijimina ne, na gane shi."

Ya ba ni Hadiza. Amma har ya rasu, in na je gaisuwa sai ya ce wa baƙinsa, "Kowa ya rufe fuskarsa, mai dasa wa mutane ƙaho ya iso."