Yadda Ake Ɗaukar Hoton Gatarin Ƙarshe

Ka bi matakan nan, na ba ka tabbacin ba za a taɓa mantawa da kai a maƙerar surukinka ba. Na gwada su a kan nawa surukin, Sixten, a ƙauyensu da ke yankin Dalarna, ranar da zai cika alkawarin da ya yi wa matarsa Gunvor: gatari ɗaya tak, sannan ya kashe wutar maƙera har abada, don kafaɗarsa ta gaji. Ni aka ɗora wa ɗauko hoton da za a rataye a falo.

1. Ka kawo haske
Maƙera duhu gare ta, saboda haka kana shiga ka wangale tagogi. Tsohon zai ce, "Ɗan birni, rufe min. A duhun nan nake gane launin ƙarfe. Shekara hamsin, kana tsammanin ban san inda taga take ba?" Ka rufe. Ƙwararre ba ya musu da mai riƙe da guduma.

2. Ka tsayar da shi cak
Da ya ɗora jan ƙarfe a kan uwar maƙera, ka ce, "Baba, kada ka motsa." Ka yi ta murɗe-murɗen kyamara har ƙarfen ya huce. Zai ce, "Ni na ji. Saura ƙarfen, ka roƙe shi ya jira ka."

3. Ka kunna fitilar kyamara
Nan ne gwanintar take. Ka bari sai ya ƙura wa wuta ido yana jiran launin da yake so, sai ka haske masa fuska. Kafin idonsa ya washe, bakin gatarin ya ƙone yana ta tartsatsi. Hoton zai fito fari fat, da hanci a tsakiya.

4. Ka sha kofi shiru
Gunvor za ta ajiye burodin kirfa nesa da kai. Tsohon zai juya gatarin a hannu, ya ce, "To, ai ba a rufe maƙera da wannan abin kunya. Sai na ƙera wani." Ka lura da muryarsa. Ni tun da nake ban taɓa jin mutum ya yi asara da farin ciki haka ba, har tausayinsa ya kama ni.

5. Ka jira waya
Shekara uku ke nan, gatarin ƙarshe na tara muke kai. Duk ranar da zai ƙera sai ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa: "Ɗana, ka zo da kyamarar nan taka. Ka duba fitilar tana aiki."

Gargaɗi: idan surukarka ta gano ku, babu ruwana, ban san ka ba, ban rubuta komai ba. Tawa ta gano tun a gatari na biyu. Ita ke yi min cajin batir.