Dokta Shaƙa-Saki da Takalman Benjamin

Dokta Wilfred yana da wata ɗabi'a. Da zarar mutum ya fara yi masa magana, sai ya rufe ido. Ya ce haka manyan masana suke saurare, domin ido yana hana kunne aiki. Shi ya sa duk Narayi babu wanda ya kai shi iya sauraro. Akwai waɗanda suka daɗe suna zuwa wurinsa, har yau bai san kamanninsu ba.

Mutum ne mai baiwa, wannan kam ba a musu. Da can shayin rage tumbi yake talla a ofisoshin gwamnati. Wata Juma'a ya tafi taron bita a wani otal a Abuja, ya dawo kafin sujadar yammacin Lahadi da satifiket mai bakin zinariya da sunan dokta. Wasu sukan kwashe shekaru a Zariya kafin a kira su haka. To, Allah bai yi kawuna daidai ba.

Ya kama shago jikin na mai gyaran janareto, ya kafa allo: Cibiyar Warkar da Jiki da Zuciya da Ruhu Gaba Ɗaya. Ya shimfiɗa tabarmi, ya kunna kyandir mai ƙamshi, ya sa lasifika tana ƙarar ruwan sama, ko da yake sai maƙwabcin ya tafi cin abinci ake jin ruwan. Duk ciwon da aka kawo masa, maganin ɗaya ne: "Shaƙa. Riƙe. Saki." Mutanen unguwa suka laƙaba masa Dokta Shaƙa-Saki. Da ya ji, ya ji daɗi. Ya ce ba a yi wa ƙaramin mutum laƙabi.

Marasa lafiya kuwa ba su yi masa ƙaranci ba. A wannan gefen kogin, da wuya ka bi layi ba ka wuce gidan da aka taɓa ɗauke wani a hanya ko a gona ba. Akan sayar da abin da za a sayar a karɓo mutum, a yi sujadar godiya, a dafa shinkafa. Sai baƙi sun watse ake gane ba dukansa ne ya dawo ba.

Benjamin na Romi yana cikin irin waɗannan. Direban wani kamfani ne a Kakuri, a hanyar Abuja aka tare shi. Tun da ya dawo bai faɗa wa kowa abin da ya gani ba, har matarsa Damaris. Ya daina tuƙi. Idan babur ya wuce ƙofar gida, sai cokali ya faɗi daga hannunsa. Kuma ba ya cire takalmi. Da su yake ci, da su yake kwana, igiya a ɗaure. Kamfanin ya ce zai riƙe masa motarsa zuwa bayan Kirsimeti, idan bai dawo ba a ba wani. Da wannan aikin gidan yake tsaye.

Damaris ta kai shi Narayi. Ta zauna a bakin kujera ta fara bayani a hankali. Dokta ya rufe ido.

"Dokta, ko barci da takalmi yake yi. Ina ganin tun da mutanen nan suka..."

Ya ɗaga hannu. "Madam, kada ki wahalar da kanki. Labari aikin tsofaffin likitoci ne. Ni jiki nake karantawa. Tiroma, wato ciwon firgici, ba a kai take zama ba, a tsoka take, a numfashi, a tafin ƙafa. Tun shigowar mijinki na gama karanta shi."

Maganar ba duka ce ƙarya ba. A bakin waɗanda suka san aikin, ta taimaki mutane. Sai dai su, in ji waɗanda suka je, sukan fara da tambayar mutum abin da ya same shi. Dokta ya wuce wannan matakin. Benjamin yana zaune gabansa, ƙafafu a takure ƙarƙashin kujera, takalma a ɗaure tamau. Dokta ya karanta shi sarai, ido a rufe.

Aka yi ta shaƙa ana saki har Disamba ta kama. Da Damaris ta ce ba ta ga canji ba, Dokta ya ce dama bango huɗu ba ya warkar da mutum gaba ɗaya. Ya sanar da babban shirinsa, wanda ya raɗa wa suna Komawa ga Ƙasa. Zai kwashi marasa lafiyarsa duka zuwa gonar wani kawunsa a bayan Kakau, su sadu da halitta. Wani dattijon coci ya tambaye shi ko ya san inda yawancinsu suka samo ciwon. Dokta ya yi murmushin tausayi.

"Baba, tsoro ba komai ba ne illa numfashin da ya kwana. Ni da kake gani, na manta rabona da tsoro."

Ranar Asabar da safe aka tafi, shi a motarsa, su a bas ɗin haya. Ya hana iyali biyo su. Damaris ta ce to, sannan ta hau wata motar ta sauka a bakin titi, ta zauna wurin mai sayar da rake tana jira.

A bakin gonar Dokta ya sallami bas, ya bayyana tsarin. Kowa ya ba da wayarsa, aka zuba a jaka. Kowa ya cire takalmi, aka zuba a but ɗin motarsa, domin tafin ƙafa ya sha ƙarfin ƙasa. Sannan a yi layi, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa, a rufe ido, ban da magana, a nufi cikin daji.

Akwai waɗansu mutane a dajin nan da suka riga Dokta gano wannan tsarin. Su dai ba su da satifiket.

Benjamin ya tsaya, bai sunkuya ba. Dokta ya ce wannan ita ce gardamar jiki da littafi ya faɗa. Ya durƙusa da kansa, cikin tawali'u irin na manya, ya kwance igiyar, ya zare takalman. Benjamin bai hana shi ba. Ya riga ya koyi cewa ba a musu da mai ba da umarni a daji. Gumi ya jiƙe masa riga. Wata malamar firamare mai suna Comfort, wadda aka ɗauke daga bas a bara, tana bayansa, ta dafa kafaɗarsa. Dokta ya duba ya yaba.

"Madalla. Dafin yana fita. Kada wanda ya buɗe ido sai na ce. Shaƙa. Riƙe."

A ranar, abin mamaki, idon Dokta a buɗe yake, domin yana ɗaukar su bidiyo da zai sa a Fesbuk. Shi ya sa shi ne ya fara ganin ƙura. Sannan ƙarar ta iso: babura, ba ɗaya ba, suna fitowa daga cikin daji.

Mutumin da ya manta rabonsa da tsoro ya tuna nan take. Waɗanda suka ji takunsa sun ce ba su san mai shayin rage tumbi yana da sauri haka ba. Mota ta tashi. Damaris ta ga wucewarta a bakin titi, ta ɗaga hannu, Dokta bai gan ta ba, duk da idonsa a buɗe. An ce sai a Gonin Gora ya tuna motar tana da birki.

Su kuwa suna nan a layi. Babu wanda ya gudu, babu wanda ya buɗe ido. Ba don biyayya ga Dokta ba. Dukansu sun san abin da ganin fuska yake jawowa. Baburan suka matso, suka rage gudu. Masu gawayi ne, buhuna ɗaure a baya. Na gaban ya ga mutane a tsaye, ƙafa ba takalmi, ido a rufe, sai ya rage murya don girmamawa.

"Sannunku da addu'a. A sa mu a ciki."

Suka wuce. An daɗe babu motsi. Can Comfort ta ce a hankali, "Broda Benjamin, kana nan?"

"Ina nan," in ji Benjamin. "Wancan karon ma takalmin suka fara karɓa."

"Mu ma," in ji Comfort.

Haka suka tako zuwa titi a kan ƙaya da tsakuwa, wannan ya faɗi nasa, wancan ya karɓa. Benjamin yana cikin magana suka iso wurin mai rake, bai kuma daina ba da ya ga matarsa. A nan Damaris ta ji labarin, a tsaye, a bakin hanyar da aka tare shi. Ta cire silifas ɗinta ta ajiye masa. Rabin dunduniyarsa a waje ya shiga mota.

Kada a ɗauka ya warke a ranar. Bayan Asabar ɗin nan ko ƙofar gida ya daina leƙawa har aka ci Kirsimeti. Kamfanin ya cika alkawarinsa, ya ba wani motar. Yanzu Damaris ce take riƙe da gidan da tumatir ɗin da take kasawa a kasuwa. Tana kai shi wurin wata likita a asibiti, wadda aka ce tana kallon mutum idan yana magana. Ita ma tana koya masa numfashi, amma da takalminsa a ƙafa, sai ranar da ya ga dama ya cire. Ran Lahadi bayan sujada shi da Comfort da sauran sukan zauna ƙarƙashin mangwaro a bayan coci. Ba su gayyaci kowa ya jagorance su ba.

Dokta bai ɓata lokaci ba. Ya miƙe a coci lokacin ba da shaida, ya bayyana cewa abin da jahilai suke kira gudu, shi ne mataki na ƙarshe a tsarinsa, sunansa Janyewar Mai Warkarwa. Ya ce a tambayi Benjamin, ba a ranar bakinsa ya buɗe ba? Ya nemi a yi wa Ubangiji tafi. Aka yi, amma ba da ƙarfi ba.

Wayoyin ya mayar ta hannun wani, don masu su sun dame shi. Takalman kuwa suna but har yanzu. Damaris ta je karɓar na mijinta. Ya ce ba a mayar da takalmi sai an rufe zama a ƙa'ida, wancan zaman kuma bai rufu ba, tunda bai kai ga cewa "saki" ba, balle "ku buɗe ido". Zai sa rana a koma Kakau a ƙarasa, da zarar hanya ta yi kyau.

Damaris ta fara gaya masa abin da ke ranta. Dokta ya rufe ido. Ta faɗi kaɗan, ta dube shi, ta ɗauki jakarta ta fita. Mai gyaran janareto ya ce ya leƙa bayan ta yi nisa, ya tarar da Dokta yana gyaɗa wa kujera kai, yana saurare sosai.

Ranar komawa Kakau dai bai sa ba tukuna.