Sunan Ɗan Janar

Ba zan taɓa mantawa da wata Litinin ba, a ofishin malamai na makarantar kuɗi da nake koyar da lissafi a Yerwa. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

Akwai wata malamar kimiyya, Falmata, da na shekara guda ina lallaɓawa. Ban taɓa furta mata komai ba, amma kullum lokacin tara ni ke sayo mata ƙosai, kuma a lissafina (ni da ke koyar da shi) magana ta kusa ƙarewa. Ana haka aka kawo mana sabon malamin Turanci, Bukar, dogo mai farin gilashi, mutumin kirki. Kirkin nasa ma shi ya fi ba ni haushi, don na rasa inda zan kama shi.

Ashe su biyun suna bin wani dogon shirin talabijin na Turawa, na yaƙe-yaƙen sararin samaniya. A ciki akwai wata daular mayaƙa masu jiragen yaƙi tsakanin taurari, da shugabanni biyu da ba sa ga maciji: tsohon sarki da wani matashin janar da ya ƙwace mulki. Falmata tana bayan Tsoho, wai shi ke riƙe alkawari. Bukar yana bayan Janar, wai shi ya ceci daular daga rugujewa. Kullum sai su ja kujera su yi ta musu, rabi da Turanci rabi da Kanuri, tana dariya har da riƙe baki. Ni kuwa ina gefe da jan biro ina duba jarrabawa, ƙosan da na sayo yana hucewa a kan teburinta. Kishi ya ci ni, ba ɓoye-ɓoye. Yara da dama sun sha sifiri a makon nan ba da laifinsu ba.

Ranar Juma'a na hau keke zuwa wajen masu tura finafinai a waya, kusa da gidanmu a Mafoni. Mai shagon ya ce akwai na Turanci, akwai mai fassarar Hausa. Turancin mutanen nan gudu yake yi kamar an biyo shi, don haka na zaɓi fassara. Na san masu fassara suna sauya wa mutane suna (Tsoho ya koma Alhaji Ƙaho), amma na ɗauka labarin dai ba sa taɓa shi. Asabar da Lahadi na kashe a kan waya, har da rubuta hujjoji a bayan littafin darasi.

Litinin suka fara kamar yadda suka saba. Bukar yana cewa Janar ya fi hangen nesa, Falmata tana cewa mulkin da aka samu da cin amana ba ya albarka. Na ajiye biro, na gyara zaman hula, na ja kujerata har tsakiyarsu. Na ce ai duk sun bar tushen maganar. Ni ma da Tsoho nake, amma a faɗi gaskiya, shi ya fara jawo rigimar.

Falmata ta juyo ta dube ni sosai, irin kallon da na shekara ina nema. Sauran malamai ma suka juyo. Sai kaina ya ƙara girma.

Na ce, "Mutum matarsa ta haihu, ya aiko maka da goro har gida, ka ƙi zuwa suna? Ko ni ne Janar sai na ɗauki mataki."

Falmata ta ce, "Malam, wane suna kuma?"

Maimakon in ja birki, sai na ƙara mai. Na bayyana yadda aka yanka raguna bakwai a cikin jirgin Janar, da yadda Tsoho ya aiko cewa ciwon ƙafa ya hana shi zuwa, alhali an gan shi a wajen ɗaurin aure.

Bukar ya cire gilashinsa, ya ce a hankali, "Malam, taron nan da ka gani majalisar yaƙi ce. Janar ko aure bai yi ba. Ko mai fassarar Hausa ka kalla?"

Da ya yi mini dariya da na fi samun sauƙi. Falmata ce ta yi, har ta kifa kai a kan tebur, hawaye na zuba. Malamin Larabci, dattijo da bai taɓa kallon shirin ba, ya ce shi dai a ganinsa labarina ya fi ma'ana. Na ce ina da aji, na fita, alhali saura minti ashirin a kaɗa ƙararrawa. Na tsaya a bayan ajin 'yan aji ɗaya ina karanta jadawalin shara.

Darasin da na koya shi ne, shekarar da na ɓata ina sayen ƙosai, da kalma uku na faɗa mata da bakina da na san matsayina tun da wuri, ba sai na ari bakin mai fassara ba. Bukar shi ya faɗa mata, suka yi aure. Bara aka yi musu haihuwa, suka aiko mini da goro har Mafoni. Na je tun kafin a shimfiɗa tabarmi.