Yadda Ake Tuɓe wa Mota Rafraf a Makka Har a San da Zamanka

Kai da ka gaji da wucewa ta gaban mutane ba wanda ya ɗaga kai, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan bi da bi, kafin Juma'a uku babu mahalukin da zai rage tsakanin unguwannin Zahir da Rusaifa bai san da zamanka ba. Ban taɓa ganin hanyar nan ta ƙi ci ba. Gaskiya sau ɗaya na ga an gwada ta, amma ta ci har ta zarce.

Wanda ya gwada ta Rabe ne, bakanike a unguwar Zahir, cikin shekarar 1966. Da shi za mu riƙa misali.

Mataki na 1: Ka tabbatar kai ne wanda bai kamata a gani ba

Wannan shi ne tushe. Mai cikakkun takardu in ya yi wa motarsa kwalliya, kwalliya kawai ya yi, ba jarumta a ciki.

Rabe ya zo ta Sudan yana ɗan shekara ashirin, ya yi aikin Hajji, ya ce bari ya ɗan huta kafin ya koma. Hutun ya kai shekara goma sha shida. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Yana da mata, Rumasa'u, da 'ya'ya mata biyu da aka haifa a nan, Mairama da Sa'adiya. Tambaya ɗaya daga bakin askari ta isa ta kai shi jirgin ruwa a Jidda, su kuma su tsaya a ƙofar gida suna kallon hanya.

Saboda haka ya ƙware a rashin ganuwa. Gefen bango yake bi, murya ƙasa-ƙasa, riga kalar ƙura. Zai kwana uku a ƙarƙashin motar wani yana tayar da ita, mai motar ya ja abarsa, 'yan unguwa su ce ma sha Allah, wane ya iya riƙon mota. Dabarar ta tsare shi, amma tana cin ransa. Yana so ko sau ɗaya a nuna abu a ce Rabe ne ya yi.

Mataki na 2: Ka sami hoto, kada ka nemi mai karanta maka

Wata rana aka kawo wa Rabe filogi daga Jidda, an naɗo su cikin shafin wata mujallar Turawa. Da ya warware, sai ga hoton wata tsohuwar motar Amurka, ja wur, an zana mata harshen wuta a ciki da gaba. Injin a buɗe, rufi an danne shi ƙasa, tayoyin baya manya, na gaba ƙanana. Abin da ya fi tsaya masa a rai, babu rafraf ko ɗaya, wato murfin ƙarfen nan da ke lulluɓe saman taya. Tayoyi huɗu suna tsaye tsirara, ba su ji kunyar kowa ba.

Akwai rubutu a ƙarƙashin hoton. Kada ka kuskura ka nemi a karanta maka. Watakila yana bayanin irin titin da ake hawa da ita ne, ko irin mutanen da aka yarje wa hawanta, kai kuwa ba ka bukatar abin da zai rage maka zafi. Masana sun ce ilimi kaɗan ya fi saurin tafiya, don ba shi da nauyi.

Mataki na 3: Ka samo gawa

Sabuwar mota ba ta shiga wannan harka. Nemo wadda aka ƙera tun kafin yaƙin duniya, wadda mai ita zai gode maka in ka ɗauke masa. Ta Rabe a bayan garejin da yake aiki take, akuyar maƙwabta ta haihu a cikinta sau biyu. Wata bakwai ya yi yana lallaba injin tsakanin azahar da la'asar, lokacin da duk mai hankali ke kwance a inuwa, har ran nan ta yi tari, ta yi atishawa, ta tashi.

Mataki na 4: Ka kai maganar gahawa kafin ka ɗauki sifana

Abin da ba a yi gardama a kansa ba bai cika abu ba. Je gahawa, wato shagon shan shayin da mutanenmu ke zama a Zahir, ka ajiye hoton a kan tebur, ka ja da baya.

Da Rabe ya yi haka, gahawa ta rabu biyu, kuma ba ta sake haɗuwa ba sai lokacin sallah. Jagoran masu son rafraf shi ne Baba Salihu, mai gyaran jikin mota, wanda ya shekara talatin yana bugun rafraf da guduma. Kada ka ce cin abincinsa yake karewa, shi ya ce mutuncin mota yake karewa.

"Esh hada, Rabe, mene ne wannan?" in ji Baba Salihu. "Wannan ai mota ce aka kama tana wanka. Kai za ka fita kasuwa ba wando?"

"Baba, nauyi ne kawai. In an cire, tashi za ta yi."

"Ta tashi ta je ina? Makka duka lungu ne da dutse. Kuma ranar Arfa, ina alhazai za su zauna? Rafraf huɗu fasinja huɗu ne, ban da na kan matakalar gefe."

"Ba don fasinja nake yi ba."

"To don wa?"

Samarin da aka haifa a nan, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, suka goya wa Rabe baya, suna cewa wallahi helwa, wato ta yi kyau. Wani ya ce taya ma halitta ce, tana son iska. Wani ya ce a tambayi malam. Aka tambayi malam, ya ce ya duba littattafansa bai ga babin rafraf ba, amma shawararsa a bar kaza cikin gashinta. Kowane ɓangare ya ce da ɗaya ɓangaren yake.

Mataki na 5: Ka saurari matarka da kunne ɗaya

Za ta yi magana, kuma gaskiya za ta faɗa, shi ya sa kunne biyu ke da haɗari.

Rumasa'u ta dubi hoton, ta dubi mijinta, ta ajiye tsintsiya.

"Baban Mairama, shekara goma sha shida kana tafiya kamar inuwa, yanzu kuma ganga za ka rataya a wuya?"

"Sau ɗaya zan fita da ita. Daga nan zuwa gahawa, khalas, shi ke nan."

"Sau ɗaya ake tambayar iƙama ai."

Ta tsorata ƙwarai, kuma ta faɗa masa ta tsorata. Shi ma ya sani. Amma mutumin da ya ga hoto ba ya jin magana, sai ya ce mata Allah ne mai tsarewa, ta ce haka ne, amma ba Shi ya ce a yi wa mota jan fenti ba.

Mataki na 6: Tuɓe ta

Kwance notunan rafraf huɗun, ka cire matakala, ka ɗebe murfin inji na gefe da gefe. Yanke salansa, don motar da ba ta tsorata jaki ba ba ta cika ba. Sannan rufin: ka yanke ginshiƙansa da zarto, ka rage taƙi guda, ka sake liƙewa. Baba Salihu ne da kansa ya ara wa Rabe zarto, ya ce in dai za a yi hauka a yi shi da mai kaifi, ya kuma tsaya ya daidaita masa layin.

Rabe dogo ne, da ya shiga sai ya tarar dole ya sunkuyar da kai kafin ya ga hanya. Wannan bai dame shi ba, don wuyansa ya daɗe da sabawa.

Ya zana harshen wutar da hannunsa. Ba zan ɓoye maka ba, motar ta yi kyau.

Mataki na 7: Ka zaɓi lokacin da kowa ke waje

Bayan la'asar, gahawa ta cika. Ka taka totur tun daga kwana.

Haka Rabe ya yi. Ƙarar ta riga shi isowa, tattabaru suka watse, masu shisha suka miƙe tsaye. Wani ya kwaɗa kira, "Rabe ne! Wallahi Rabe ne!" Zuciyarsa ta cika har ya ji idonsa na yaji. Nisan jin daɗin bai wuce taku arba'in ba, amma ya ji shi sosai.

Abin da hoton bai nuna ba shi ne, daf da gahawa akwai famfon da masu ga-ruwa ke ɗiba, kuma ƙasar wurin ba ta bushewa, jakuna ma sun ƙara mata nasu. Aikin rafraf kenan tun asali, tare abin da taya ta kwaso. Tayar baya ta dama, babbar nan, ta kwashi rabonta ta watsa sama. A gefen famfon kuwa wani askarin hanya ne tsaye cikin kakinsa mai guga, yana shan ruwa.

Ya busa usur. Rabe ya taka birki a daidai ƙofar gahawa.

Mataki na 8: Ka amsa tambayar

Askarin ya tako a hankali, taɓo na ɗiga daga ƙirjinsa zuwa takalmi. Ya buɗe baki zai zazzaga faɗa, sai idonsa ya faɗa kan injin. Ya zagaya motar. Ya shafa harshen wutar da yatsa. Ya sunkuya ya dubi tayoyin, ya sake zagayawa. Sannan ya leƙa ya ga Rabe, ya dube shi daga kai zuwa hannuwan da suka yi baƙi da mai, ya yi tambaya da Larabci:

"Motar wa ce wannan?"

Lura da kyau, bai ce ina iƙamarka ba. Bai zo masa a rai ba cewa irin wannan abu zai zama na mutumin da ke zaune a ciki. Ya riga ya yanke cewa wasan ɗan wani babban gida ne, an ba bara ya zagaya da ita.

Amsa biyu ce a gabanka. In ka ce tawa ce, ni na haɗa ta da hannuna, tambaya ta gaba ka san ta. Mutum talatin na gahawa na jira. Rabe ya buɗe baki, kalmar tana kan harshensa, wata bakwai yana tanadinta. Ya tuna 'yan mata biyu da ke jiran ya koma ya ba su labari.

"Ta ubangidana ce," in ji shi. Ya ɗaga haɓa wajen manyan gidajen nan masu katanga da itatuwa.

Tun da ya zo ƙasar nan bai taɓa kiran wani mahaluki ubangidansa ba.

Askarin ya gyara tsayuwa. Ya goge taɓon da hankici kamar turare aka fesa masa. Ya ce a gaida maigidan, a ce masa ma sha Allah, ya san mota, irin wannan aiki ba a nan aka yi shi ba. Ya ƙara da cewa shi kuma Rabe ya riƙa kula, kada ya ɓata wa mutane dukiya. Rabe ya ce to.

Da askarin ya tafi, Rabe ya kashe injin, ya fito, ya zauna a bakin benci. Masu son rafraf sun ci gardama a gaban kowa, amma ba wanda ya ce na faɗa maka. Kusan duk wanda ke wurin ya taɓa ba da irin amsar nan a wani lungu, sai dai ba a gaban jama'a ba. Baba Salihu ya zuba shayi da hannunsa ya miƙa masa, ya ce, "Layin rufin ya fita daidai, Rabe." Rabe ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe bai kai baki ba.

A gida ya yi sallar magariba ran nan, tare da iyalinsa.

Tsame hannu

Mai wannan bayani ba ya ɗaukar alhakin taɓo, kaki, usur, jirgin ruwa, ko abin da zai tsaya maka a maƙogwaro bayan ka ba da amsa daidai. Na yi alkawarin za a ga motarka, an kuwa gan ta. In ka ce cewa na yi kai za a gani, kawo shaida. Kuma in wani mai kaki ya tare ka da takardar nan ya tambayi wa ya rubuta, kada ka nuno ni. Ni ma aiko ni aka yi.