Ordinatar Ummu Ta Manta da Batirinta

"...da gajiyar buro, amarya? Ko yau gaisuwar miji ta hi ƙarhinki?"

"Lahiya lau, tsoho mai ran ƙarhe. Matsa can, ka tare min haske."

Haka Baba da Ummu suka fara wasansu na kaka da jika, ni ina gefe ina tankaɗe. Ni ce Fadimatu, ɗiyar Malam Ishaku, tsohon direban tashar Ƙonni, wanda ya ajiye tuƙi amma bai ajiye baki ba. Ummul-Khairi jikarsa ce, ɗiyar wana, tana aiki da wani proje na manoman albasa. A ranin 2008 ne. Washegari za ta tafi Dogarawa, garinsu Baba, ta nuna wa manoma hotunan sabon rumbun albasa a ordinatar, wato kwamfutar da buro, ofishinsu, suka ba ta, kuma inda za a taru babu kuran, wato wutar lantarki. Sai 'yar kauɗin nan ta ɗauko faifai ta zuba wa na'urar sabon sistem, wai don ta ƙara sauri. Saurin ta ƙara kam, amma ta daina ganin batirinta. Da an zare wayar kuran sai ta mutu murus. Shi kuwa Baba sati biyu yana aika saƙo ta bakin direbobi cewa jikarsa na tafe da injin da ko a Tawa babu irinsa.

"Mi ya samu akwatin aljannun naki?"

"Ta ce babu batir."

"Ga shi ina gani maƙale ga gindinta."

"Ni ma ina gani. Ita ce ba ta gani."

"To ta gado ki. Ke ma ga miji zaune gabanki, kullum kina cewa ba ki da miji."

"Mijin da haƙoransa ukku, su ma ba su ga-maciji da juna? Allah shi kiyashe ni."

"Da tsohuwar zuma aka magani, yarinya. Miƙo ta nan."

"In miƙa ma wa? Kai da ko lambar salula sai an danna maka? Sau biyu na sake zuba mata faifai, na bi duk inda mushe malaminmu ya koya muna. Abin da ya gagari mai diflom ba shi jin tsoron mai carbi."

"Diflom ɗin da na saida raguna biyu anka yi? Ashe da na bar su sun ci dusa, da na hi riba. Shekara talatin ina kwana da batir tsakanin Ƙonni da Madawa. Da halshe nika gane mai rai da matacce."

"Wallahi ka lasa min batir, aurenmu ya mutu."

Ni dai na ga idonta ya kawo ruwa duk da bakin da take yi, kuma raina ya sosu. Shugabanta zai je taron, ga dangi kaf za su fito kallo. Baba ma ya gani. Ya gyara zama, ya sassauta murya.

"Ji nan. In na sauya ma mota wani abu babba ta yi gardama, kan batir nika kwancewa, in danne oda har sauran kuran da ya laɓe cikin wayoyi shi tsiyaye. Sannan in maida. Ke kin kawo baƙo gida ba ki ce ma masu gida su tashi su gaisa ba."

"Wagga ba akwalar motarka ba ce, ba ta da oda."

"Tana da maɓallin da aka tada ta. Zare waya. Hidda batir. Danne maɓallin, kar ki saki sai na kai Madawa."

Ta yi tsaki, amma ta yi. Baba ya lumshe ido ya kama hanya: "Tsernawa, mu ɗauki mutum biyu. Malbaza, jandarma na son takardu. Dogarawa, a gaida gida. Galmi, warin albasa..."

"Yatsana ya gaji. Motar taka ta mutu ne?"

"Muna shan ruwa. To, Madawa. Sauka."

Ya karɓi batirin ya goge bakinsa da gefen rawani, ya hura, ya miƙa mata. Ta mayar, ta danna, babu waya babu komai. Sai ga gilashi ya kawo haske, ga ɗan hoton batir a ƙasa, kore shar. Na saki rariya, gari ya zube min a zane, ban ma kula ba.

Ummu ta daɗe tana kallon na'urar. Can ta fashe da dariya, ta zaro farin goro biyu daga jaka ta durƙusa ta ajiye masa a tafi.

"Na sallama, angona. Gobe gaban mutanen Dogarawa, da bakina zan ce kai ka tada ta."

Baba ya ɓare goron, ya miƙa mata rabi.

"Kul. Ki ce ke kinka gyara abinki. Ni da jikata na yi musu kuri, ba da kaina ba."