Fulogi da Likkafani

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka binne Baffa Sule ba, kuma ko na so in manta, dangi ba za su bar ni ba.

Ina da wani tsohon mashin da ya tsufa har ya gaji da tsufa. Agogon mai ya mutu tun tuni, fitila sai ta ga dama, in ka buga kik uku bai tashi ba sai ka haɗa da addu'a. Babban ciwonsa fulogi. Yana cikin tafiya sai ya fara tari, ya yi fat-fat, ya harba ta salansa, ya mutu. Ni kuwa na ɗauki kaina bakanike (malamin firamare ne ni, ban taɓa yini ɗaya a gareji ba). Kullum akwai sifana da samfefa a ƙarƙashin kujera, kuma duk wanda mashin ɗinsa ya yi gardama a unguwa sai na tsaya na yi masa lacca.

Baffa Sule ƙanin mahaifinmu ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwar babanmu. Ya cika da hantsi a gidanmu na Dukawuya, aka sa jana'iza ƙarfe biyu da rabi. Alhaji Babba, wan Baffa da babanmu duka, dattijon da ya haura tamanin, yana zaune a zaure yana raba aiki: wannan ya tafi wajen masu haƙa kabari, wancan ya kira liman. Da aka zo kan likkafani, wana Yaya Nasiru ya ce zai tari adaidaita ya je kasuwar Kwari ya yanko alawayyo.

Na ce, "Haba Yaya, adaidaita a wannan cunkoson? Ni da mashin, minti ashirin na dawo."

Ya dubi mashin ɗin, ya dube ni. "Ka tabbata?"

"Na san halinsa ciki da waje."

Na je lafiya, na yanko yadi fari tas, aka sa mini a leda na ɗora a kan tanki. Sai da na shigo Koki ya fara. Tari ɗaya, tari biyu, ya fizge ni gaba, ya harba kamar bindiga har wata mata ta yi salati, sannan ya yi shiru a gaban rumfar wani dattijo mai faci.

Mai facin ya leƙo ya ce, "Malam, akwai mai kuwa?"

Na ce, "Baba, fulogi ne. Ciwonsa ke nan." (Da irin muryar da nake yi wa 'yan aji uku na faɗa, Allah Ya yafe mini.) Ya ce to, ya koma kan tayarsa.

Na mayar da ledar kan kujera, na cire fulogi. Baƙi ƙirin. Na goge shi da samfefa, na hura, na mayar, na buga. Ya tashi, ya yi tari, ya mutu. Na sake cirewa, na jingina shi a jikin inji na buga kik don in ga wuta. Ga wuta nan shuɗiya, amma na ce ta yi rauni. Na bi wayar kwayil da hannu, ta ja ni har sai da haƙorana suka haɗu. Waya tana ta ruri a aljihu.

"Kana ina? An gama wanka, tela yana zaune yana jira!"

"Ga ni nan Yaya, na kusa Goron Dutse."

Ƙarya nake yi, gawar mutumin da ya ciyar da ni tana kwance a ɗaki babu sutura. Adaidaita sun fi goma da suka wuce ni. Kowanne ya wuce sai in ce minti biyu ya rage, ba zan koma gida a ce mashin ya kunyata ni ba. Aka kira Azahar ina tsugune. Na kwance murfin gefe, na ciro soson iska, hannuwana suka yi dumu-dumu da baƙin mai. Garin buga kik da haushi, ledar ta zame daga kujera ta nufi kwata. Na yi wuf na cafke ta da hannu biyu, ledar ta yage, na rungume yadin.

Na tsaya ina kallon shatin yatsuna goma a kan farin alawayyo. Wallahi a lokacin na ji da ma ni za a naɗe a ciki.

Mai facin ya taso. Ya kama kan mashin ya girgiza, ya kasa kunne, ya sunkuya ya murɗa makunnin mai zuwa rizab, wato ɗan man ajiya da ke rage a ƙasan tanki. Kik ɗaya ya buga. Mashin ya tashi lafiya lau, ko tari babu.

"Allah Ya jiƙan mamacin," in ji shi.

Uku saura na isa Dukawuya. Layinmu fayau, sai tabarmi da takalman mata. An sallace shi, an tafi. Ban sami sallar Baffa ba, ban ɗauki makararsa ba. Alhaji Babba kaɗai na tarar a zaure, don ƙafarsa ba ta kai shi maƙabarta. A bakinsa na ji yadda aka yi. Da jira ya yi yawa, rana tana dukan mutane, liman yana duba agogo, sai ya sa aka buɗe akwatinsa aka ɗauko nasa likkafanin, wanda ya wanko da ruwan zamzam shekarar da ya sauke farali, yake ajiye da shi shekara da shekaru. A ciki aka sa ƙaninsa.

Na durƙusa a gabansa. Ya miƙo hannu, na ba shi yadin. Ya warware shi a kan cinyarsa a hankali, ya daɗe yana duban shatin yatsuna.

Na ce, "Baba, gobe zan sayo wani."

"A'a. Wannan ne rabona." Ya ninke shi, ya tura ƙarƙashin matashi. "A wanke, abin da ya fita ya fita. Gara yana nan a kusa da ni, kada ranar tawa a rasa wanda za a aika sai kai."

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. An wanke yadin sau uku, har yau akwai inuwar babban yatsana a gefe guda, kuma ya hana a canja. Tun daga ranar, in mashin ya yi tari, tanki nake fara girgizawa kafin in buɗe baki. In an yi rasuwa a dangi kuwa, aikina shimfiɗa tabarma, shi ma a layinmu, inda za a iya ganina.